Taku Uku Daga Fuskar Inna

Kamarar ta zo hannuna ne don ba ta samu mai saye ba. Ɗana na uku ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a wajen suna da aure, tun daga nan Dogon Dutsi har Dumega. Sai ya fara zama wajen karatun samarin kasuwa bayan la'asar, ya tsayar da gemu, wata rana ya dawo ya ce ya bar hoton masu rai, zai buɗe shagon kayan waya. Ya sayar da dogon gilashin nan da ake murɗawa ya jawo na nesa kusa. Ya sayar da fitilar da ake ɗorawa a sama. Abin da ya rage shi ne jikin kamarar, robarta har ta fara ɗayewa, da wani guntun gilashi mai faɗin bakin kofin shayi. Duk wanda ya zo taya sai ya murɗa shi, ya ga ba ya jawo komai, ya ajiye ya yi gaba.

A bayan buhun wake na iske ta, cikin kwali, ranar da nake neman ɓeran da ya dame mu. Na fito da ita tsakar gida ina juya ta, sai ga shi ya shigo cin abincin rana.

"Mama, ki ajiye abin nan. Na gaya miki hukuncinsa."

"Na ji. Awaki zan ɗauka."

"Awakin ba su da rai?"

"To, tukunya."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya karɓa ya hura gilashin, ya goge shi da bakin rigarsa a hankali, na ga hannunsa bai manta ba ko da bakinsa ya rantse. Ya sa batirin a wuta. Washegari ya zauna kan tabarma ya nuna mini abu uku kawai, ya ce sauran ba su dame ni ba.

Na farko, wannan gilashin ba ya zuwa wajen kowa. In ina son abu ya yi girma, in taka in je wurinsa. In ina son ya shiga duka, in ja da baya. Na biyu, akwai lamba da ke fitowa a jikinta, in na mai da ita ƙarama, ɗaya da ɗigo takwas, idon kamarar yana buɗewa gaba ɗaya ya sha haske, har cikin ɗaki mai duhu sai ta ɗauka ba tare da walƙiya ba. Na uku shi ne ya ce in riƙe da kyau: in idon ya buɗe haka, abu ɗaya kaɗai yake fitowa tas, kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, duk abin da ke gabansa da bayansa narkewa yake yi. Akwai wani jan ɗigo a tsakiya. Inda na ɗora shi na danna maɓallin rabi har ta yi ɗan kuka, nan ne zai fito.

"In mutum ne, ido ake ɗora wa," ya ce. Sai kuma ya tuna kansa. "Ba wai ina cewa ki ɗauki mutum ba."

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na haura arba'in na shiga yaƙi da jahilci, a rumfar zana, mu da wasu mata masu goyo, kuma har yau in zan rubuta takwas sai na yi ƙwallo biyu na ɗora ɗaya kan ɗaya. Amma na ɗauko littafina na wancan lokacin na rubuta abin da ya ce: lamba ƙarama, ido a buɗe, abu ɗaya.

Na yi wata da watanni ina ɗaukar abin da ke gabana. Ƙullin fura a kan faifai, uku na gaba da garinsu ɗaiɗai, na baya sun zama hazo. Hannun maƙwabciyata tana ɓarzar gujiya. Tumatir a bakin kasuwa. Jikata tana barci da ƙuda a goshi, ƙudan ya fito tas, ita kuwa ta narke. Gidanmu ba shi da kyau, akwai tsohon firiji da ya mutu a lungu, da igiyar shanya, da bangon da ruwa ya ci. Amma gilashin nan yana da rufin asiri. Yakan zaɓi abu ɗaya ya wanke shi, ya rufa wa sauran tarkacen asiri. Gwiwoyina ne suka sha wuya, don abin tsuguno ne da tashi, matsa gaba, ja baya, ni kuwa shekaru sun fara nauyi.

Amma ba don fura na ɗauko kamarar daga bayan buhu ba. Tun ranar na san abin da nake so, na dai ƙi faɗa wa kowa.

Ni ce 'yar farin Inna. Tana Matankari, a gidan da ta haife mu, ƙanwata autarmu ce ke dubanta tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta nesa. Matan zamanin Inna a Arewa ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata, can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bakin wani. In na shiga gaishe ta sai ta kau da fuska ta amsa wa bango. In tana son in ci abinci, ƙanwata take gaya wa: "Ce ma ta Dutsi ga tuwo nan." Ranar da na haifi nawa ɗan farin ta zo da ƙafa, ta yi mini kwana arba'in tana dafa ruwan wanka, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na san ba ƙi ba ne. Ban taɓa ɗaukarsa ƙi ba. Amma na kai shekarun da jikokina suke hawa bayana, kuma in aka ce in faɗi yadda idon mahaifiyata yake in ya sauka kan mutum, ban sani ba. Na san kunnenta. Na san zanen Arawa da ya taso daga gefen bakinta ya nufi kunne. Gefen fuskar nan na san shi kamar tafin hannuna.

Abin da nake so shi ne hoto ɗaya, tana duban inda nake, kafin Allah ya ɗauki ɗayanmu. Ba wanda wani ya ɗauka ba. Ni.

Zuwan farko ana tsakiyar damina, hatsi ya kai ƙugu. Na hau kabu-kabu daga tasha, kamarar a naɗe cikin zane a cinyata, ruwa ya ɓata hanya, kowane rami sai na ji shi a baya. Na iske Inna zaune a bakin gadonta, ɗakin da duhu, haske ta ƙofa kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na ci abinci. Sai da aka yi azahar na kwance zanen.

"Lalala!" in ji ƙanwata. "Yaya ta zama 'yar jarida. Inna, gyara kallabi, za a sa ki a talabijin."

"Mi za a yi da hoton tsohuwa?" Inna ta tambaye ta.

"Jikoki ke so," na ce wa ƙanwata, don ni ma ta bakinta nake bi.

Ba ta hana ba. Ta gyara zama, ta ja mayafi kan kafaɗa. Na tsaya bakin ƙofa na duba allon bayan kamarar, ina riƙe da ita nesa da fuska kamar waya, don haka na saba. Na tare hasken da jikina, ɗakin ya ƙara duhu. Na shiga na koma gefe. Daga can kuma Inna ta yi ƙanƙanta tsakanin kwanoni da buhuna. Na matsa. Na ƙara matsawa. Sai da na zo taku uku daga gare ta fuskarta ta cika allon, kuma ina isa nan, kanta ya juya da kansa zuwa bango, a hankali, ba fushi. Na zagaya ta wancan gefen, bayana ya bugi jeren kwanonin, ɗaya ya faɗo. Kanta ya juyo wannan gefen.

Ƙanwata ta riƙe ciki. "Yaya, kamar mai kamun zabuwa! Kawo in ɗaukar miki mu huta."

"Bari dai, ba ki iya ba."

"Mi ne abin iyawa? Ba dannawa ba ne?"

Na dawo Dutsi da hoto goma sha wani abu. Kunne. Ƙullin kallabi. Zanen kunci, ya fito da kyau ƙwarai, har ana ganin inda askar wanzami ta ɗan karkace shekaru tamanin da suka wuce ko fiye. Ƙeya. Kunne kuma.

Ɗana ya zo da yamma ya iske ni ina dubawa. Ya tsaya a kaina yana kallo, na ji shi ya yi ajiyar zuciya.

"Kaka ce?"

"Tukunya ce."

Ya zauna. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan na zanen, Mama, ko ni ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Amma don mi ba ta duba ba?"

"Ka sani."

"Wannan fa al'ada ce, ba addini ba. Ba inda aka ce uwa kar ta dubi ɗanta. Ki bari in je in yi mata magana."

"Ka je ka yi wa kakarka wa'azi? Ta kore ka da muciya."

"Ke ai kina duban ɗan farinki, kina kiran sunansa."

"Sunan nasa ban taɓa faɗa a gabansa ba, ka lura dai."

Na ga ya gano gaskiya ce. Sai ya koma maganar da ya fi sani. Ya ce da bai sayar da dogon gilashin ba, da sai in zauna can gindin rumbu kamar ina tsince wake, in jawo ta ba ta sani ba. Haka yake yi wa amare masu kunya. Ya ce zai iya aro mini wani wajen tsohon abokin aikinsa. Na ce a'a. Ya ce don mi. Ban iya bayyana masa ba a lokacin. Abin da ke raina shi ne, in na sato fuskarta daga gindin rumbu, wani abu take kallo, kaza ko ƙofa. Irin wannan kallon ina ganinsa tun ina yarinya, daga nesa.

Zuwa na biyu ƙanwata ce ta kawo dabara. Ta ce a fito da Inna inuwar zaure da hantsi, ni in tsuguna a gabanta, ita kuma ta tsaya a bayana daidai kafaɗata ta yi ta janta da zance. Inna ba ta iya ƙin duban autarta. Muka yi haka. Ƙanwata ta ɗora haɓarta kusan kan kaina ta fara.

"Inna, tsohon nan mai goro ya sake tambayarki jiya. Ya ce in kin yarda ko bayan kaka a ɗaura."

"Ja can, 'yar nema! Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya?"

"Ke nawa gare ki?"

"Nawa sun ishe ni cin namanki."

Ta bushe da dariya, ta ɗago kai, na danna. Hoton ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Bakinta a buɗe, zanen ya lanƙwashe ya hau sama, bangon zauren ya narke ya zama kamar madara da ƙasa-ƙasa. Ɗiyata da ke Yamai ta yi kuka da ta gan shi a waya. Aka wanke shi babba, yanzu haka yana gida huɗu. Kowa ya ce Yaya kin gama aiki.

Ni kuwa na duba idon. Yana kallon sama da ni kaɗan, tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Wani ba zai lura ba. Ni na san kallon auta ne, na tsuguna a ƙarƙashinsa ne kawai ya wuce ta kaina.

Daga nan na gaji. Ba gajiyar fushi ba, irin ta wanda ya daɗe yana jan guga a rijiya mai zurfi. Na je Matankari sau biyu ban ɗauki kamarar ba. Na ce wa kaina mace mai jikoki ba ta neman abin da yaron goye ke nema. Na ce Inna ta riƙe abin nan fiye da shekara hamsin, da shi ta san kanta a cikin mata, wace ce ni da zan zo da ƙarfe a hannu in ce ta sauke. Ko a gida ma na rage ɗauka. Batirin ya mutu a kan taga na bar shi.

Bayan an yanke hatsi ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta yi zazzaɓi kwana huɗu, ta samu sauƙi, amma ta rame, fura kaɗai take sha. Na shirya. Ina ɗaure kayana ɗana ya shigo da magani daga farmasi, sai ya ɗauko batirin daga taga ya sa a wuta. Da na zo fita ya miƙo mini kamarar.

"In cikin ɗaki ne, Mama, ki daina riƙe ta nesa kamar waya. Hannunki na rawa. Ki manna ta a fuska, ki duba ta ƙaramar tagar nan ta sama, ki matse gwiwar hannu a jiki."

"Tagar nan tana sa idona ruwa."

"Ki jure."

"Kai da ka bar hoto."

"Na bari. Magana kawai nake yi."

Na iske Inna kwance. Ta ƙanƙance har gadon ya yi mata yawa. Na gaishe ta, ta amsa wa bango da murya ƙasa-ƙasa. Na kwana biyu ina wanki da dama fura, kamarar tana cikin jaka ban taɓa ta ba. A rana ta uku da hantsi ta ce a tayar da ita zaune. Muka jingina ta da matashi. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a ƙasa, haskenta ya tashi ya taɓa mata fuska daga gefe.

"Ta Dutsi ta bar sana'ar ne?" ta tambayi ƙanwata.

"Wace sana'a, Inna?"

"Ta zagaye mutane."

"Tana cikin jaka. Kin gajiyar da ita ne."

Can sai Inna ta ce wa ƙanwata tana son kunun tsamiya, kuma ba da tsamiyar gida ba, ta tsufa, a je a karɓo sabuwa a gidan wata ƙawarta da ke can ƙarshen gari. Ƙanwata ta ce ga yara a waje a aike su. Inna ta ce yara ba su san mai kyau ba. Ƙanwata ta dube ta, ta dube ni, ta ɗauki mayafinta tana gunaguni ta fita.

Ban tuna ranar da muka taɓa zama ni da ita mu biyu kaɗai a ɗaki ba. Kullum akwai bakin da ake bi. Yanzu babu. Na zauna a ƙasa ina kallon tabarma, ita tana kallon bango, kaza ta leƙo ta koma. Sai na jawo jakar don hannuna ya samu abin yi. Na kunna kamarar, na mai da lambar ƙarama. Na tuna maganar ɗana na ɗaga ta na manna a fuskata, na rufe ido ɗaya, ina gwadawa a kan ƙwaryar furarta da ke ƙasa.

Ta gefen ido ta gani. Ta yi magana, ba da ni ba, da ƙwaryar.

"Ashe abin shina rufe fuska duka."

Na ci gaba da duban ƙwaryar ta cikin tagar.

"In fuska ta rufu, ai ƙarfe ne mutum ke gani."

Na gane abin da ta ba ni, na kuma gane ba za ta maimaita ba. Na ja jiki a kan gwiwa, ban sauke kamarar daga fuskata ba, har na zo taku uku. Ta cikin ƙaramar tagar na ga kunnen nan da na sani, da zanen. Sai kan ya fara juyowa. A hankali ƙwarai, don wuyanta ya ƙage. Zanen ya tafi gefe, hanci ya shigo, sai ido.

Abin da ya faru nan ni na yi shi, ba ita ba. Idonta na sauka a kaina, kaina ya sunkuya. Ban sa shi ba. Duk tsawon watannin nan ina ganin ita ce mai kau da kai, ban taɓa tunanin nawa wuyan ma an horar da shi tun ina shekara biyu ba. Kuma da yake kamarar tana manne da fuskata, ta bi kan ta yi ƙasa, yatsana ya danna. Ta yi ƙarar ɗauka. Na duba allon. Hannuwan Inna ne a kan cinyarta, sun fito tas, har jijiyoyi.

Na zauna a kan dugadugaina. Idona ya cika, na ce a raina tagar nan ce. Na san ta riga ta mai da fuska bango, ta yi nata ta gama, ni na zubar. Ba ni da bakin roƙon na biyu, ba a ma yi bakin da zan roƙa da shi ba. Na fara neman murfin gilashin a kan tabarma.

Sai na ji ta yi tsaki.

"Ɗaga kanki."

Ban motsa ba. Na ɗauka ƙanwata ce ta dawo take yi wa magana, na saurari takunta, babu kowa.

"Ke nake ma magana. Ɗaga kanki, wuyana shina ciwo."

Na mai da kamarar fuskata. Na matse gwiwar hannu a haƙarƙarina har ya yi zafi. Tana nan tana jira, fuskar ba ta gama juyowa duka ba, amma idon yana kaina. Ƙanana ne, sun yi ja saboda zazzaɓi, da wani zobe fari-fari a gefen baƙin. Ba murmushi. Kallon mai duba ko an ɗaure kaya daidai ne. Wuyana ya so ya sake tafiya, na riƙe shi kamar yadda ake riƙe akuya a wajen tatsa. Na ɗora jan ɗigon a kan idon da ya fi kusa da ni, na danna rabi, ta yi kukanta, na ƙarasa.

Sau ɗaya. Kafin in sake, ta riga ta juya.

Da ƙanwata ta dawo da tsamiya ta iske ni ina wanke ƙwarya a waje, Inna ta koma kwance.

"An yi?" ta raɗa mini.

"Hannunta na ɗauka."

"Hannu kuma? Yaya, ke dai Allah ya shirye ki." Ta leƙa ɗaki. "Inna, ga tsamiyar taki, na sha rana."

"Ajiye, ba na sha yanzu. Ce ma ta Dutsi ta kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba, ta bar gida babu kowa."

Na kama hanyar. Ban duba hoton a kan kabu-kabu ba, ban duba shi da na isa ba. Sai washegari, bayan na share tsakar gida na ɗora ruwa, na zauna a ɗaki na kunna. Idon kusa ya fito har ana ƙirga gashinsa. Na nesa ya ɗan yi laushi, kunne da bango sun narke. Na iya kallonsa kamar na ƙirga biyar, sai na kashe.

Ɗana ya gan shi da ya zo karɓar kwanonsa, don na manta kamarar a kan gado ya kunna. Na shigo na same shi tsaye ba ya motsi.

"Mama. Wa take kallo haka?"

"Ƙarfe."

Sai ya ce in ba shi katin da hotunan ke ciki ya tura wa 'yan'uwansa, wannan ya fi na dariyar nesa ba kusa ba, a wanke shi a sa a gilashi.

Na ce a'a. Ya ce don mi kuma, bayan duk wannan wahalar. Na ce masa duk wanda ya ga hoton nan a Matankari zai tambayi wanda ya ɗauka, kuma kowa ya san mai kamara a gidanmu. Inna tana da ƙawaye biyu da suka rage, suna zuwa mata hira kowace Juma'a da sandunansu. Ba zan sa su ji cewa ta dubi 'yar farinta a tsufanta ba. Ta aiki auta ƙarshen gari ne don kar a samu shaida.

"Ni fa na gani," ya ce.

"Kai ba ka kallon hoton masu rai."

Ya cire katin da kansa ya miƙo mini, ya ce zai kawo wani daga shago in ci gaba da ɗaukar tukwanena. Na yago takarda daga tsohon littafina na naɗe shi, na sa a ƙasan adakata.

Inna ta warke daga wancan zazzaɓin. Makon jiya ma na je, ƙafafuna sun kumbura saboda hanya, na durƙusa na gaishe ta ta amsa wa bango. Ta ce wa ƙanwata a jiƙa wa ta Dutsi kanwa a ruwan ɗumi ta tsoma ƙafa.